Shekarar da Na Raba "Ba Komai" Gida-Gida

Kun taso kuna jin Gwaggo Talatu tana faɗa, a gidan biki da gidan suna, cewa uwarku ta samu aikin Abuja ta sa ƙafa ta shure shi saboda taurin kai. Ranar da labarin ya yi mata daɗi kuma, sai ta ce korata aka yi. Ban taɓa tanka mata ba, don ƙanwar babanku ce, kuma bakin Talatu ba ya jin gyara. Amma yanzu da gwiwoyina suka fara ba ni labarin shekaruna, jikoki kuma suna tambayar abin da ya hana mu zama 'yan Abuja, na ga gara in rubuta muku labarin da hannuna. Taurin kan dai an yi shi, ban musa ba. Abin da Talatu ba ta taɓa tsayawa ta tambaya ba shi ne a kan me aka yi shi.

Shekarar da wayar hannu ta fara yawa a Azare ce, lokacin da za ka ga babban mutum tsaye a tsakiyar titi ya ɗaga hannu sama yana neman sabis. Ina koyarwa a kwaleji, ba a daɗe da yaye Sadiya ba. Wata ƙungiyar raya karkara, wadda ba sai na faɗi sunanta ba, ta gina wa mata masu fura da nono rumfa a bayan gari, ta tashe su daga gindin bishiyoyin maina da ke bakin tasha, inda suke zama tun ina yarinya. Rumfar kam ta yi kyau, da daɓen siminti da famfo da kwano sabo fil yana ɗaukar ido. Niyyarsu ma mai kyau ce, tsafta suke so. Suna shirin gina irinta a Jama'are da wasu garuruwa, amma sai an fara bincike an ji ko matan sun gamsu. Da yake na sha Fulatanci a nonon mahaifiyata, 'yar Dagauda, sai aka ɗauke ni in yi hirarrakin. Shugaban binciken, Dakta Lawal, mutumin kirki mai saurin magana, ya gaya mini baki da baki cewa akwai kujera a ofishinsu na Abuja, kuma idan aikin nan ya tafi daidai, tawa ce. Na so kujerar nan. Kada wani ya ce muku ban so ta ba.

Na yi ta yawo da rikoda a motar ƙungiyar, daga rumfar zuwa rugage, na zauna kan tabarma da kan turmi, na sha fura har na fara jin tsoron ganin ludayi. Da na gama aka kwashi kaset-kaset ɗin aka kai Kano, wasu suka saurara suka mayar da maganganun Turanci, aka dawo mini da su a cikin faifai, tare da kwamfutar aro da aka sa wa manhajar tantance hira. Manhajar ba ta tunani, riƙewa kawai take yi. Za ka karanta hira, duk inda ka ga magana mai nauyi sai ka shata ta ka manna mata suna, abin da masu koya mana suke kira kod, ni kuwa laƙabi nake ce masa. In laƙubban suka taru, sai ka duba waɗanda suke dangin juna ka tara su ƙarƙashin rukuni guda. Daga baya in ka taɓa laƙabi ɗaya, duk maganar da ka manna masa za ta fito ta jeru a gabanka, ko daga bakin wa ta fito. Dakta ya riga ya tsara mana manyan rukunai tun daga Kano, akwai na gamsuwa, akwai na ƙorafi, akwai na shawara. Ya kuma nuna mini wata dabara. In na rubuta kalma na ce a nemo, manhajar za ta zaƙulo ta a duk inda ta ɓuya, ta manna mata laƙabi a lokaci guda. Na rubuta kalmar Turancin nan da ke nufin babu matsala. Kafin in ɗauke yatsa, allon ya cika. Kusan kowace mace ta faɗe ta, wata ma ta maimaita. Na kwashe su duka na zuba a rukunin gamsuwa, ya yi tsiri, na ƙorafi kuwa ya zauna a gefe kamar maraya. Na buga wa Dakta waya na yi masa albishir, ya ce in fara haɗa kaya.

Babanku ya fara maganar miƙa shagon yadinsa ga ƙaninsa. Kai Umar, ka gaya wa duk 'yan ajinku cewa Abuja za ku koma. Talatu ta zo ta zaɓi kujerun da za mu bar mata. Ni kaɗai ce wani abu yake sosa mini rai, don na ga fuskokin matan nan da idona, kuma ba su yi mini kama da fuskokin waɗanda aka yi wa gata ba. Amma na danne, na ce na'ura ta fi ni iya lissafi.

Kakarku Hajiya, mahaifiyar babanku, ita ce ta warware mini abin, ba tare da ta san tana yi ba. An yi rasuwa a Dagauda, babanku ya yi mata alkawarin kai ta gaisuwa da safe, sai kasuwa ta riƙe shi, bai shigo ba sai bayan azahar. Ya same ta zaune a ƙofar ɗakinta, mayafi a kafaɗa tun hantsi. Ya durƙusa.

"Hajiya, a yi haƙuri, baƙi ne suka zo daga Kano. Gobe in Allah ya kai mu sai mu yi sammako."

"Ba komai," in ji ta, tana kallon carbinta.

Ina tsammanin zai shige ɗaki ya ci abinci, sai na ga ya mayar da takalminsa yana laluben makullin mota.

"Malam, ina kuma za ka? Ai ta ce ba komai."

"Maman Umar, ke ba ki ji irin wadda ta faɗa ba? In na kwana a garin nan yau, na shiga uku."

Na tsaya da kwanon tuwo a hannu, kaina ya yi dum. Na san wannan tun ina goye. Kowane ɗan Hausa ya sani. Amma da aka cire wa kalmar rigarta aka sa mata ta Turanci, sai na wuce ta ban gane ta ba. Abin da matan suka ce mini "ba komai" ne, masu Fulatanci ma kwatankwacinta suka faɗa. Masu fassara ba su yi ƙarya ba, abin da ke cikin ƙamus suka rubuta. Ni ce na kwashi ba komai irin ta Hajiya, da irin wadda ake faɗa da dariya, na zuba su a tukunya ɗaya na rufe.

Washegari na nemi a dawo mini da kaset-kaset ɗina. Dakta ya yi mamaki, amma ya aiko da su a motar haya. Na buɗe sabon aiki a manhajar, fanko, babu rukuni ko ɗaya, na fara buga hirarrakin da kaina, yadda aka faɗe su. Nan na gane manhajar ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, duk inda na sa su sai ta fito mini da ɗan akwati. In kuma na bar su babu lanƙwasa, sai ƙafa ta zama kafa, ɗaka ta zama daka. Sai na riƙa buga su da babban baƙi a tsakiyar kalma, rubutun ya fito kamar na mai koyon karatu, amma ni dai ina ganewa. Na riƙa rubuta har abin da ba magana ba, wato inda mace ta yi shiru, inda ta yi ajiyar zuciya, inda aka ji ƙarar ludayi tana dama fura maimakon ta amsa. Wuta kuwa sai ta ga dama take zuwa. Duk sanda aka kawo ta, ko ina tsakiyar tuƙa tuwo ne, sai in sauke tukunya in ruga. Kun ci tuwo mai gudaji a watannin nan, ku yafe mini.

A wannan karon na yi wa kaina doka, ba zan manna wa "ba komai" laƙabi ita kaɗai ba, sai na haɗa da abin da ya zo gabanta da abin da ya biyo bayanta. Kuma ba zan ƙirƙiro suna daga kaina ba, daga bakin matan zan ɗauko. Haka aka samu laƙabi mai suna "nono ya kwana", da "ƙafa ta gaji", da "ai an riga an gina", da "wa zai zo can". Suka yi ta haihuwa har suka cika gefen allon, na rasa wanne ne wanne. Na zauna tsintar su kamar mai tsintar wake. "Ƙafa ta gaji" da "rana ta yi kafin mu isa" ashe abu ɗaya suke faɗa, na haɗe su. "Nono ya kwana" kuwa sai da na raba shi biyu, don wani kwanan na rashin mai saye ne, wani na damina ne da nono ke yawa, wanda ba laifin rumfa ba ne. Akwai wani laƙabi da na sa wa suna "fushi", na yi ta loda masa maganganu ina jin daɗi. Da na buɗe shi na karanta a jere, sai na ga babu macen da ta ce ta yi fushi, fushin nawa ne. Na goge shi, duk da ya yi mini ciwo.

Sannu a hankali sai gidajen "ba komai" suka fito da kansu. Akwai ba komai ta yarda, wadda ake faɗa da sakin fuska, a biyo ta da dalili. Yawanci 'yan mata ne masu ita, suna son famfon, suna son inuwar, kuma ban rage musu ko ɗaya ba, na bar su a gidansu. Akwai ta an riga an yi, wadda shiru ke biyo bayanta, ko a ce to ya za a yi. Akwai ta kara, wadda ake yi wa baƙo don kada ya tashi da kunya, ita wannan kusan kullum godiya ce ke rufe ta. Sai kuma mai nauyin cikinsu, wadda in mace ta faɗe ta sai ta ambaci Allah, ta canja magana. Na sa mata suna "na bar wa Allah". Da na ce manhajar ta nuna mini su waye a wannan gidan, sai na ga tsofaffi ne kusan duka, waɗanda suke tahowa a ƙasa daga nesa da ƙwarya a ka.

Ban yarda da kunnena ni kaɗai ba. Na hau acaɓa na koma wata ruga a hanyar Jama'are wajen Inna Dudu, wata dattijuwa da ta faɗi kalmar fiye da kowa a kaset ɗinta. Na same ta tana wanke ƙore. Bayan mun gaisa na ce,

"Inna, ranar da na tambaye ki batun rumfa kika ce mini ba komai, da gaske ba komai ɗin?"

Ta dube ni, ta dubi bayana.

"Yau ina motar?"

"Yau ni kaɗai na zo."

"To zauna. 'Yar nan, kin zo a motarsu, kin zauna a tabarmata, kin sha furata. Mutane sun kashe ƙarfinsu sun yi mana gini. In ce miki me? In ce ba su iya ba?"

"Amma ciniki fa, Inna?"

"Mai shan fura matafiyi ne, ya sauko daga mota da ƙishi, ya gan mu ya sha ya koma. Wa zai bar motarsa ya tafi bayan gari nemana? Da ƙwaryar da na tafi, da ita nake dawowa. Jikokina har sun gaji da shan tsami." Ta kife ƙwaryar da ke hannunta. "Amma ba komai. Allah yana nan."

A kan acaɓa na yi hawaye, na ce wa mai tuƙin iska ce ta shiga mini ido. Tun daga ranar na san ba zan sa hannu a takardar da ta ce Inna Dudu ta gamsu ba.

Na ɗauki kwamfutar da rikoda na tafi Kano. Na nuna wa Dakta Lawal sabon tsarin, gida-gida, kowanne da maganganun da ke cikinsa. Ya duba ya daɗe, sannan ya cire tabarau.

"Malama, aiki kin yi shi. Amma mu abin da mutane suka faɗa muke rubutawa, ba abin da muke zaton yana ransu ba. In kowa zai fassara shiru yadda ya ga dama, ina binciken yake?"

Maganarsa tana da ƙafa, na san da haka, shi ya sa na zo da shiri.

"Dakta, abin da suka faɗa na rubuta, sai dai da Hausa suka faɗe shi. Ga ƙa'idar da na bi a kan kowane laƙabi, na rubuta ta a jikinsa. A ba wani Bahaushe ya bi ta, in bai kai inda na kai ba, na janye."

Na kunna masa muryar wata yarinya tana cewa ba komai tana dariya. Na kunna masa ta Inna Dudu. Bai ce in sake ba. Ya daɗe yana juya biro a hannunsa.

"Na ji," ya ce. "Wallahi na ji, haka gyatumata take yi. Amma na riga na aika wa manya sakamakon farko, a kansa aka tsara ginin Jama'are. Ki sa hannu a wancan, naki mu liƙa shi a baya a matsayin ƙarin bayani. Kowa ya huta."

"In na sa hannu a gaba na ce sun gamsu, wa zai juya baya ya ga na ce ba su gamsu ba?"

"Kin san abin da wannan zai jawo miki?"

"Na sani."

A gida kuwa, da na faɗi yadda muka yi da Dakta, an yi kamar za a tashi rufin ɗaki. Talatu ta zo tun kafin in cire mayafi.

"Matar Yaya, kanki ɗaya kuwa? A kan masu fura za ki zubar da Abuja? Su da bakinsu suka ce ba komai, ke ce uwarsu da za ki ce da komai?"

"Talatu, ke in mijinki ya ɓata miki rai kika ce masa ba komai, barci yake yi?"

"Wannan daban!"

"To shi na rubuta."

Hajiya ba ta sa baki ba sai da Talatu ta fita tana ƙunƙuni. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba,

"'Yar nan, in dai kin tabbata abin da tsohuwar nan ta gaya miki ke nan, kada ki sa mata wata magana a baki. Da ranta."

Wanda na fi jin tsoro babanku ne, don shi ya riga ya yi sallama da abokan kasuwa, har an yi masa addu'ar tafiya. Na same shi bayan la'asar yana alwala a bakin rariya, na gaya masa komai. Ya gama wanke ƙafarsa, ya ajiye buta.

"Ba zan ce miki ba komai ba, don yanzu kin zama malamar abin, za ki kama ni. Da komai. Zan ji kunyar komawa shago. Amma in kika sa hannun nan, na san ki, mu ne ba za mu sake shan ruwa da daɗi a gidan nan ba. Ki yi abin da za ki iya kwana da shi."

Ya koma shago washegari, ya sha tsiyar 'yan kasuwa har ƙarshen shekara, suna kiransa Alhajin Abuja. Bai taɓa kawo mini ƙorafin gida ba. Kai kuma Umar, ka yi kwanaki ba ka yi mini magana, kuma ban ga laifinka ba.

Na rubuta rahotona yadda na ga abin, da gidajen duka, har da na masu yarda, na aika. Rahoton da aka buga ya fito babu sunana. An ce Dakta ya liƙa shafukana a baya duk da haka, ya kuma yi magana a kansu a wani taro, amma ban je ba, ba zan ba da shaidar abin da ban gani ba. Abin da na gani shi ne, da aka tashi yin rumfar Jama'are, kusa da inda motoci ke tsayawa aka yi ta. Ko shafukana ne suka jawo, ko wani ne ya yi tunani, Allah ne masani. Matan Azare kuwa ba su jira takardar kowa ba. Ɗaya bayan ɗaya suka sulale suka koma gindin maina, aka kore su, suka sake dawowa, har aka gaji. Na sha ganin Inna Dudu a can kafin ta rasu, in ta hango ni sai ta ɗaga mini ludayi.

Kujerar Abuja wani aka ba. Dakta da kansa ya kira ni ya gaya mini, kuma na yaba masa da bai aiko wani ba. Ina tsaye a bakin ƙofar gida, inda sabis ya fi kamawa, Sadiya tana riƙe da zanina. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce ba daga shi ba ne, ya ce manya suna ganin ina da wuyar sha'ani, ya ce in yi haƙuri. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni.

"Ba komai, Dakta."

 Can sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Malama, wacce daga ciki?"

Ban amsa masa ba. Ku zan amsa wa, tunda ku kuka biya rabin kuɗin abin ba tare da an tambaye ku ba. Ta ranar, irin ta Inna Dudu ce, mai nauyin nan. Na shiga ɗaki na yi kuka sosai, na yi kukan Abuja, na yi kukan kunyar da na jawo wa babanku. Da na gama na wanke fuskata, na buɗe kwamfutar kafin a zo karɓarta, na sake bin laƙubban nan ɗaya bayan ɗaya ko zan ga inda na zalunci wani. Ban ga layin da zan canja ba. Da za a sake ajiye mini takardar nan yau, ga biro ga Abuja, haka zan sake ture ta.

Saboda haka in kuka sake jin Gwaggo Talatu tana cewa korar uwarku aka yi, kada ku yi mata musu, babba ce. Ku dube ta, ku ce mata ba komai. Bahaushiya ce, za ta gane wacce ce.